A Sa Malam Aƙilu A Addu'a

Malam Aƙilu yana da farfaɗiya tun yana saurayi, amma duk faɗin birnin Zariya babu wanda ya sani sai matarsa Mariyamu. Iyayensa sun sani, sun kuma tafi kabari da maganar a cikinsu. 'Ya'yansa sun tashi suna ganin yana haɗiyar wata 'yar farar ƙwaya safe da yamma, aka ce musu ta hawan jini ce, suka yarda. Rabon da ciwon ya kayar da shi tun 'yarsa Khadijat tana rarrafe, ga shi yanzu har an kawo gaisuwar neman aurenta. Magani ya karɓe shi. Abin da ciwon ya rage yana nema a wurinsa bai wuce wuni guda ba duk bayan wata uku, ya je asibitin Shika ya bi layi ya ga likita, a sake rubuta masa magani.

Lissafi yake koyarwa a makarantar Hajiya Jummai da ke Kwarbai, makarantar kuɗi mai boko da safe, Islamiyya da yamma. Yana cikin malaman da aka buɗe ta da su, tun tana 'yan ɗakuna a tsohon gidan mijin Hajiya, kafin a ɗora bene. Tsohon hedimasta, Malam Jalo, bai taɓa tambayarsa inda yake zuwa ba. In ranar ta matso sai Malam Aƙilu ya leƙa ofis ya ce, "Gobe ina da uzuri." Malam Jalo ya ce, "Allah Ya kai mu," ya nemi wanda zai riƙe masa aji. Ko ya taɓa zargin wani abu, bai nuna ba.

Da Malam Jalo ya yi ritaya, Hajiya Jummai ta miƙa makarantar ga ɗanta Haisam, wanda ya dawo daga karatun digiri na biyu kansa cike da sababbin tsare-tsare. Ba hedimasta yake so a ce masa ba, sai darakta. Malam Aƙilu ne ya koya masa biyu sau biyu a wannan makarantar, har ya taɓa goya shi zuwa gida ran da ya gurɗe a wajen ƙwallo. Haisam ba mugun yaro ba ne, yana da fara'a da girmama manya. Amma ya kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, ya kuma ce daga yanzu duk wanda zai yi fashi sai ya faɗi dalili.

Ranar wata Talata cikin damina, Malam Aƙilu ya shiga ofis ya ce gobe yana da uzuri.

Haisam ya miƙe ya ba shi kujera. "Malam, ku yi haƙuri, wallahi ba raini ba ne. In na bar ku da uzuri kawai, gobe kowa uzuri zai ce. Sai na san dalili."

"Asibiti zan je."

"Subhanallahi. Me ke damun ku?"

"Ganin likita ne kawai."

"Ai duk mai son ya tafi harkarsa asibiti yake cewa, Malam. Ba ku nake nufi ba. Amma na duba, abin nan duk bayan wata uku ne. In lalura ce mai dawowa, ya kamata makaranta ta sani, tunda 'ya'yan mutane muke riƙe."

Malam Aƙilu yana iya cewa hawan jini, kamar yadda aka gaya wa yara, amma bai saba yin ƙarya ido da ido ba, balle ga wanda ya koya wa karatu. Ya tashi ya tura ƙofar ofis ɗin, ya dawo ya zauna, ya rage murya ya faɗa masa. Ya faɗa masa sunan ciwon, da tsawon shekarun da ya yi bai tashi ba, da yadda likita ya ce babu abin da zai hana shi aiki.

"Maganar nan ko 'ya'yana ba su sani ba," in ji shi. "Kujerar da kake kai ce ta sa na faɗa maka. Ka riƙe mini ita a nan."

Idon Haisam ya ciko da ƙwalla. "Wallahi Malam kun ba ni tausayi. Duk shekarun nan ku kaɗai? Ku je, babu komai. Allah Ya ƙara sauƙi."

Malam Aƙilu ya fito yana jin kamar ya sauke dakon da ya daɗe a kansa. Har ya gaya wa Mariyamu cewa yaron nan yana da hankali.

Washegari ya ga likita, aka ce komai lafiya, ya ci gaba da maganinsa yadda yake. Yana cikin keke a hanyar dawowa, sun kusa Ƙofar Doka ana yayyafi, ya ji waya tana ta motsi a aljihu. Ya ciro ya duba. Guruf ɗin ma'aikatan makaranta ne, kuma saƙon darakta ne a sama:

"Assalamu alaikum. Ina roƙon mu duka mu sa babanmu Malam Aƙilu a addu'a. Yana fama da lalurar farfaɗiya, yau ma yana asibiti. Don Allah mu riƙa lura da shi, musamman a aji da wajen hawa bene. Allah Ya ba shi lafiya."

A ƙasa amin ce jere, da hotunan hannuwa a ɗage. Wata malama ta turo muryar wani mai magani da ke cewa ciwon na iska ne, ya kuma ba da lambar waya. Guruf ɗin ba na malamai kaɗai ba ne, akwai direban bas da masu gadi da matar da ke dafa wa 'yan nazare abinci. Malam Aƙilu ya karanta saƙon har ƙarshe, ya sake komowa farko. Mai keke ya yi ta tambayarsa inda zai sauka, bai ji ba, sai da suka wuce Babban Dodo.

A cikin birni kowa ɗan'uwan kowa ne, in ba ta jini ba to ta aure. Kafin la'asar maganar ta shiga gidajen da bai taɓa taka zaurensu ba.

Da safe mai gadi ya taso da sauri zai karɓar masa jaka. Duk wanda ya gamu da shi sai ya langwaɓe kai ya ce, "Malam, ya jiki?" Shi kuwa jikinsa yadda yake jiya haka yake yau. Da zai hau bene, wani matashin malami ya biyo shi a baya daf da daf, hannu a buɗe kamar mai tare akuya.

Abin da ya fi ci masa rai ya faru ne a lokacin tara. Shekara da shekaru shi da Malam Lawal mai koyar da Larabci suna cin ɗanwake a kwano ɗaya, wata yarinyar maƙota take kawo musu. Ran nan Malam Lawal ya zo da faranti daga gida, ya ɗebi nasa ya koma gefe.

"Likita ya ce in rage yaji," in ji shi, bai ɗago ba. "Gara in riƙa ɗiban nawa daban."

Ya kuwa barbaɗa yajin kamar kullum. Malam Aƙilu ya gani. Ya san abin da ake faɗa, wai yawun mai farfaɗiya in ya taɓa mutum ya ɗauka. Ya kuma san ƙarya ce, likita ya faɗa masa tun yana saurayi, ko miyau ko kwano ko gumi babu mai ɗaukar ta. Amma wa zai tsaya ya yi wa bayani? Kofin da yake shan shayi a ɗakin malamai ya koma can ƙarshen kanta shi kaɗai. Butarsa ta alwala babu mai ara kuma. In an tsai da sallar azahar, da can shi ake turawa gaba saboda furfura, yanzu kafin ya gyara hula wani ya riga ya shige.

Yara ma sun ji. Da ya shiga aji yana bayanin raba lamba, 'yan bencin gaba suka ja baya kaɗan-kaɗan har benci ya yi ƙara. Wata yarinya da ya karɓi littafinta ya duba, da ya mayar mata sai ta goge bangon da gefen hijabinta. Duk sanda ya yi shiru yana tunanin misali, sai ajin ya yi tsit, idanu a kansa, ana jira a ga ko yanzu ne.

Ya jure kwanaki, sannan ya koma ofis. Wannan karon bai rufe ƙofa ba, babu abin da ya rage na rufewa.

"Haisam, me na ce maka ran nan?"

Haisam ya yi mamaki na gaskiya. "Malam, ai alheri na nufa. Addu'ar jama'a ba ta faɗuwa ƙasa. Kuma ku duba, in Allah Ya kawo tsautsayi kuka faɗi a aji, ba gara a ce mutane sun san abin da za su yi ba?"

"Tun kana aji ɗaya nake makarantar nan. Ka taɓa ganin na faɗi?"

"A'a, amma..."

"Na ce maka 'ya'yana ba su sani ba."

"Wallahi ban yi zaton za ta fita waje ba. Guruf ɗin namu ne na cikin gida. Amma na goge saƙon ai, tun jiya."

"Ka goge," in ji Malam Aƙilu.

Ya tsaya yana jiran kalma ɗaya. Haisam ya yi ta juya biro a hannu, daga ƙarshe ya ce, "Ku yi haƙuri in abin ya ɓata muku rai. Ni dai Allah Ya ga zuciyata."

Mako bai zagayo ba Hajiya Jummai ta aika a kira shi gidanta. Ta sa aka kawo masa fura, ya lura a kofin roba ne irin wanda ake sha a yar.

"Aƙilu, kai ɗan gida ne, ba zan ɓoye maka ba. Iyaye sun dame ni da waya. Wasu sun ce za su cire 'ya'yansu. Ni na san lafiyarka ƙalau, amma mutanenmu sai a hankali. Ka koma sito ka riƙa kula da littattafai da yunifom, har ƙura ta lafa. Babu abin da za a taɓa maka a albashi. Hutu ma ne a gare ka."

"Hajiya, ni malamin aji ne."

"Na sani. Ka yi mini wannan alfarmar. Shi kuma Haisam ƙuruciya ce, na yi masa faɗa. Amma kai ma da ka gaya mana tun farko, da ba a kai ga haka ba."

Bai taɓa furar ba. Ya yi godiya ya fito, kamar yadda aka koya masa.

Siton ɗaki ne mai taga ɗaya a bayan bene, yana warin kwali da danshi. Daga nan yana jin muryar yaron da aka ba ajinsa, sabon gama bautar ƙasa, yana koyar da abin da shi ya fara. Wani lokaci yakan ji an yi kuskure a lissafin, ya miƙe, sai ya tuna ya koma ya zauna.

A gida kuwa Khadijat ba daga bakinsa ta ji ba. Ƙanwar Suhail, saurayin da zai aure ta, ita ta tare ta a gidan wani biki a Gyallesu ta ce, "Ashe Babanku ba shi da lafiya? Sannu. Ke ma kina yi?" Khadijat ta dawo tun ba a watse ba, ta same shi a tsakar gida yana gyara rediyo. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, gaskiya ne abin da ake faɗa?"

Mariyamu ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Malam Aƙilu ya ajiye rediyon.

"Gaskiya ne."

"Maganin nan da muke miƙo muku da ruwa?"

"Shi ne."

Hawaye suna zuba, ba ta share ba. "Ni ba ciwon ne ya dame ni ba, Baba. Mai gadin makarantarku ya riga ni sani. A gaban mutane aka tambaye ni, na ce ƙarya ne, har na yi rantsuwa."

Ya buɗe baki zai ce don kada su tashi da tsoro ya ɓoye musu, don kada a nuna su da baki a unguwa. Sai ya ga ai ga shi an nuna su ɗin. Ya ce, "Ki yafe mini." Shi ne ya ba da haƙuri a cikin maganar nan, shi kaɗai.

Bayan sallar Juma'a baffan Suhail ya yi sallama a zaure. Dattijo ne mai kunya, ya daɗe yana zagaye, daga ruwan bana zuwa tsadar taki, kafin ya iso inda zai je. Ya ce ba wai sun fasa ba ne, Allah Ya kiyaye. Mata ne a gida suke ta maganar ko abin yana bin jini. Suna ganin a ɗan ɗaga maganar sa rana, a yi istihara tukuna.

"Ku zo mu je wurin likitana tare," in ji Malam Aƙilu. "Ku tambaye shi duk abin da kuke so."

"Haba Malam, ai ba ta kai ga haka ba."

Ba su je ba, ba su kuma dawo ba. Suhail ya yi ta kiran Khadijat yana rantsuwa shi babu ruwansa, ko duniya za ta taru sai ya aure ta. Daga baya kiran ya koma saƙo, saƙon ya koma gaisuwar Juma'a. Kafin lokacin kaka, Khadijat ta ji an kai kayan aurensa wani gida a Tudun Wada. Ba ta yi kuka a gaban mahaifinta ba. Ta ci gaba da miƙo masa ruwan shan magani safe da yamma, shi kuwa da ta yi masa tsiwa da ya fi samun sauƙi.

Wani tsohon ɗalibinsa, Barista Nabil, ya zo har gida da ya ji labari. Ya ce abin da aka yi masa laifi ne, akwai doka a kan bayanan lafiyar mutum, shugaba ba shi da ikon yaɗa su ko da sunan addu'a ne. Ya ce shi zai tsaya masa kyauta.

"In mun je kotu me zan ce?" in ji Malam Aƙilu.

"Abin da ya faru, Malam."

"Wato in tsaya gaban alƙali in sake faɗa da bakina, a rubuta, waɗanda ba su ji ba su ji. Sannan dattawan unguwa su cika mini zaure, wai na kai ɗan Hajiya Jummai ƙara don ya roƙa mini addu'a. In na ci shari'ar, alƙali zai sa Malam Lawal ya dawo mu ci ɗanwake? Zai dawo wa Khadijat da mijinta?"

Barista Nabil ya ce duk da haka, don na baya. Malam Aƙilu ya ce zai yi tunani. Ya yi tunanin kuwa, ya daɗe yana yi, bai kira shi ba.

Ƙura ba ta lafa ba, mutane dai sun saba da ganinsa a sito. Ƙarshen zango ya ajiye aiki. Haisam ya shirya masa walimar bankwana, aka yi jawabai, aka yabi makarantar da yadda take riƙe ma'aikatanta in lalura ta same su. Malam Aƙilu bai je ba, ya ce yana da uzuri. Aka aiko masa da shadda da agogon bango.

Ya samu aiki a wata ƙaramar makaranta a Tudun Jukun, wajen ganuwa, inda yawancin iyayen yaran baƙi ne ma'aikata da ba su san kowa a birni ba. Tafiyar ta fi nisa, ajin ya fi cunkoso, amma yana da allo da alli, yara kuma suna rige-rigen bencin gaba. Ba ya cin abinci da kowa. Maganinsa na safe a gida yake sha kafin ya fito, ko kwalin ba ya yarda ya shiga jakarsa.

Da ranar ganin likita ta zo bai nemi izini ba. Mariyamu ce ta ɗauki katinsa ta tafi Shika. Karon farko likita ya rubuta maganin. Karo na biyu ya ce mata ba haka ake yi ba, dole ya ga mai ciwon da idonsa, akwai gwajin jini da ya kamata a yi masa tuntuni.

"Sai an yi hutu," in ji Malam Aƙilu da ta dawo ta gaya masa.

"Hutu da saura, Malam. Wuni ɗaya ne fa. Ka ce musu za ka je gaisuwar mutuwa."

"In na yi ƙarya wannan karon, wani karon wa zan kashe?"

"To ka faɗa wa hedimastan gaskiya. Kai da bakinka ka ce mutumin kirki ne."

Ya ɗauki hularsa ya fita masallaci.

Hedimastan, Malam Sharfaddeen, mutumin kirki ne kuwa, dattijo mai ƙarancin magana wanda ba a taɓa jin zancen wani a bakinsa ba. Ya lura sabon malamin nan ba ya fashi, ba ya latti, amma kwanan nan yakan dafe kai in ya fito daga aji, idonsa kamar na wanda ba ya samun barci. Wata rana bayan an tashi, ya same shi shi kaɗai yana duba littattafan yara. Ya jawo benci ya zauna.

"Malam Aƙilu, ba shisshigi zan yi ba. Na ga kamar jikin nan yana son hutu. In akwai asibitin da kake son zuwa, ka ɗauki rana ka je. Ba sai ka gaya mini komai ba."

Malam Aƙilu ya dube shi. Ya ga babu wata manufa a fuskarsa, ya kuma san da gaske yake. Amma sai ya kama lissafi: in ya je sau ɗaya, bayan wata uku zai sake zuwa, wani zai lura, wani zai tambaya, wani zai ji tausayinsa.

"Na gode, ranka ya daɗe," in ji shi. "Lafiyata ƙalau."

Malam Sharfaddeen ya jinjina kai, ya miƙe ya mayar da bencin inda yake. Malam Aƙilu ya jawo littafi na gaba ya buɗe, ya ci gaba da maki.